Girgizar Ƙasa da Aman Wuta, da Shaidar Duwatsun Gabashin Kano

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da labarin ƙasa da Hausa ya san akwai babi guda wanda ba ya zama a zukatan yara, watau babin girgizar ƙasa da duwatsu masu aman wuta. Dalili kuwa a fili ya ke. Yaron da ya tashi a Gaya ko Ajingi ƙasarsa shimfiɗaɗɗiya ce, ta rairayi da gero da dawa, kuma da wuya ya sami wani dattijo a unguwarsu wanda zai ce masa ya taɓa jin ƙasa ta motsa ƙarƙashin ƙafarsa. Saboda haka sai ya ɗauki babin tamkar tatsuniya, ya haddace domin jarrabawa, in an gama ya manta.

Abin da wannan takarda ke nufin nunawa shi ne, zaman lafiyar ƙasar gabashin Kano yana da sanadi wanda a ke iya bayyanawa, kuma ba haka ta ke tun fil azal ba. An yi zamanin da wannan yanki ya ke kusa da bakin karon manyan ƙasashe, an kuma yi zamanin da duwatsu suka yi aman wuta a inda bai wuce kimanin kilomita 40 daga garin Gaya ba. Malamin da ya san haka yana da abin da zai nuna wa ɗalibansa da yatsa. Amma kafin a kai nan, tilas a fara da kalmomi, gama da su za a yi koyarwar.

Kalmomin da Hausa ta tanada

Manomin gabashin Kano ba ya rasa sunan ƙasar da ya ke takawa. Yana da jigawa da fadama, da laka da yumɓu, da rairayi da turɓaya, da tsakuwa da marmara, kowace da inda ta dace da abin da a ke shukawa ko ginawa da ita. Amma in aka zo ga tsaunin da ke fitar da narkakken dutse, sai harshe ya koma ga kwatance, a ce dutse mai aman wuta. Galibi in aka ga harshe yana kiran abu da doguwar siffa maimakon suna guda, to, labarin abin ne ya iso wa masu harshen, ba su zauna tare da shi ba. Turawa sun samo nasu sunan daga wani tsibiri na Italiya mai suna Bulkano, shi kuma an raɗa masa sunan gunkin ƙira na Rumawan dā, domin sun ɗauka maƙerarsa ce ke hayaƙi a ƙarƙashin tsibirin.

Siffar nan ta Hausa tana da kyau, sai dai tana da tarko guda. Yaro in ya ji an ce wuta, sai ya zaci wani abu ne ke ci, kamar itace a murhu. Alhali kuwa babu abin da ke ƙonewa. Dutse ne ya narke don tsananin zafi, wanda ya kan kai daga digiri 700 zuwa 1,200 a ma'aunin Salsiyos, ya yi ja kamar ƙarfe a maƙera. Abin da a ke gani kamar hayaƙi kuwa tururi ne da iska da garin dutse. Ya kamata malami ya warware wannan tun a darasin farko.

Ita kuwa girgiza kalma ce ta asali. Masu nazarin harshe suna ganin ninki ne a cikinta, watau giz da giz, sa'an nan baƙin ƙarshe na gaɓar farko ya rikiɗa ya zama r, kamar yadda kaɗa ta ba da karkaɗa. Larabci ma ninki ya yi a kalmar zalzala, wadda kowane almajiri ya sani daga sunan sura ta 99 ta Alƙur'ani mai girma. A harsunan biyu maimaita gaɓa na kwaikwayon maimaituwar motsi. Bayan girgizar ƙasa, ana kuma jin raurawar ƙasa da motsin ƙasa. Zai kyautu a aji a keɓe girgiza ga babba mai rushe gini, a bar motsi ga ƙarama wadda ba ta wuce kaɗa kwanuka da tsaga bango ba. Har wa yau a raba su duka da zaizayar ƙasa, da zaftarewar gaɓar kogi, da burmawar rijiya ko bakin kududdufi, gama waɗannan aikin ruwa ne a fatar ƙasa, ba su da alaƙa da abin da ke can ciki.

Saura kalma guda, wadda ita ce ginshiƙin bayanin duka, watau sunan manyan ɓangarorin da ɓawon duniya ya kasu. Waɗansu masu fassara su kan ce faranti, suna bin lafazin Turanci. Amma faranti abu ne shafaffe, kewayayye, mai zaman kansa, ba ya nuna cewa an fasa shi daga wani abu. Kalmar da ta fi kusa da ma'ana ita ce sakaina. Sakaina tana da lanƙwasa irin ta ƙwaryar da ta fito daga ciki, bakinta ba daidai ba ne, kuma in aka haɗa ta da 'yan'uwanta sai ƙwarya ta koma cikakkiya, kamar yadda gyartai ke yi. Da ita za a yi aiki a sauran wannan takarda.

Ƙirar duniya

Daga fuskar ƙasa zuwa tsakiyar duniya kimanin kilomita 6,370 ne. Ana iya kwatanta cikinta da mangwaro, mai ɓawo da tsoka da ƙwallo. Ɓawon siriri ne ƙwarai: a ƙarƙashin tudu kaurinsa kimanin kilomita 35 ne, a ƙarƙashin teku kuwa bai fi 7 ba. Tsokar ta nutsa har zurfin kilomita 2,900, daga nan sai ƙwallo, wanda galibinsa ƙarfe ne.

Akwai kuskuren da ya yaɗu cewa ƙarƙashin ɓawo tafki ne na narkakken dutse. Tsokar duniya daskararriya ce. Sai dai zafi ya sa tana da irin halin jan ƙarfe bisa uwar maƙera, wanda bai zama ruwa ba, amma yana bin guduma. A cikin dubban dubban shekaru tana juyawa sannu a hankali, mai zafi na tasowa, mai sanyi na nutsewa. Ɓawo tare da saman tsokar da ya sandare, masu kaurin kimanin kilomita 100, su ne suka fashe suka zama sakaina-sakaina. Manya guda bakwai ne, da ƙanana da dama, kuma kowace tana tafiya, daga santimita ɗaya ko biyu zuwa kimanin goma a shekara, watau kusan saurin tsirar farce.

Wani Bajamushe, Alfred Wegener, shi ya fito da batun tafiyar nahiyoyi a 1912, ya kuma buga littafi a kansa a 1915. Cikin hujjojinsa har da yadda gaɓar Afirka ta Yamma ta dace da gaɓar Barazil kamar an yaga su daga ƙyalle ɗaya. Masana zamaninsa ba su karɓa ba, domin bai nuna abin da ke tura nahiya ba. Sai bayan an auna ƙarƙashin teku, tsakanin 1960 da 1968, magana ta tabbata. Yau ana auna tafiyar kai tsaye da na'urorin da ke karɓar saƙon taurarin ɗan'adam.

Iyaka iri uku

Tsakiyar sakaina lafiya lau ta ke tafiya. Fitina a baki ta ke, inda sakaina ta haɗu da sakaina, kuma haɗuwar iri uku ce.

Ta farko ita ce iyakar rabuwa. A nan sakaina biyu ke ja da baya daga juna, tsoka mai zafi ta taso ta cike gurbin, nauyin da ke danne ta ya ragu, sai wani sashe nata ya narke. Haka ya ke a tsakiyar tekun Atlantika, inda wani dogon tsauni ya bi ƙarƙashin ruwa daga arewa har kudu, tekun kuma yana ƙara faɗi da santimita 2 zuwa 4 kowace shekara. Haka kuma ya ke a Bahar Maliya, wadda ke raba Afirka da ƙasar Larabawa. Alhazai sun san baƙaƙen duwatsun da ke kewaye da Madina. Tsohon narkakken dutse ne da ya daskare. A shekara ta 654 ta Hijira, watau 1256, bayan an yi kwanaki ana girgiza, ƙasa ta tsage kudu maso gabas da birnin, narkakken dutse ya yi ta malala kwana 52, ya ci kimanin kilomita 23, kana ya tsaya bai kai ga birnin ba. Malaman tarihin Madina, irin su Samhudi, sun rubuta labarin. A gabashin Afirka ma nahiyar tana tsagewa, da 'yan milimita a shekara, kuma a bakin wannan tsagar ne dutsen Nyiragongo ya ke, wanda ya malalo wa birnin Goma na ƙasar Kwango a watan Janairu na 2002, ya sake a watan Mayu na 2021.

Ta biyu ita ce iyakar karo. In sakainar teku ta yi karo da ta tudu, ta tekun ce ke nutsewa, don ta fi nauyi. Tana nutsewa ɗauke da ruwan da ya jiƙa duwatsunta, ruwan nan kuwa in ya shiga tsoka mai zafi sai ya sa ta narke da wuri, kamar yadda kanwa ke sa wake saurin nuna. Narkakken dutsen irin wannan wuri yana da kauri da iska mai yawa, shi ya sa ba ya malala salin alin. Duk macen da ta taɓa tuƙa tuwo ta san bambancin tafasar ruwa da tafasar talge mai kauri, wanda ke riƙe tururi har ya fashe ya fantsama. Irin wannan iyaka ce ta kewaye tekun Fasifik, inda a ke samun kimanin kashi 80 cikin 100 na manyan girgizar ƙasa na duniya. A nan aka yi wadda ta fi kowace ƙarfi tun da aka fara aunawa, a ƙasar Chile, ranar 22 ga Mayu, 1960, mai ƙarfin 9.5. Ta Sumatara kuwa, ta 26 ga Disamba, 2004, ta ɗaga teku ya afka wa gaɓoɓin ƙasashe da yawa, mutum fiye da 200,000 suka hallaka. In tudu da tudu ne suka yi karo, babu mai nutsewa da sauƙi, sai su tattare su yi tsauni, kamar Himalaya.

Ta uku ita ce iyakar goga, inda sakaina biyu ke wucewa gefe da gefe. Ba kasafai a ke samun aman wuta a nan ba, amma girgizarta muguwa ce, don ba ta da zurfi. Irinta ce ta auka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya ranar 6 ga Fabrairu, 2023, mai ƙarfin 7.8, ta kashe mutum fiye da 50,000.

A duk iri ukun, yadda girgiza ke aukuwa ɗaya ne. Bakin sakaina biyu ya kan sarƙe, alhali jikinsu bai daina tafiya ba. Dutse ya yi ta tanƙwaruwa kamar baka a hannun maharbi, shekara ɗari ko dubu, ran da ya gaza sai ya suɓuce cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Game da ma'aunin ƙarfi, ya kamata a lura cewa hawa ɗaya, kamar daga 6 zuwa 7, ninki kusan 32 ne na ƙarfin da ya fita. Saboda haka tsakanin motsi mai 3 da girgiza mai 7 akwai ninki wajen miliyan guda.

Matsayin ƙasar Hausa

In aka shimfiɗa taswira aka sa yatsa bisa Gaya, za a ga tana can cikin tsakiyar sakainar Afirka. Ta yamma da kudu iyakar tana tsakiyar Atlantika. Ta arewa tana wajen duwatsun Atlas da Bahar Rum, inda Afirka ke matsa Turai, wanda ya jawo girgizar Agadir ta 1960 da ta kudu da Marrakesh ta 8 ga Satumba, 2023, duka a Maroko. Ta gabas kuwa sai Bahar Maliya da tsagar gabashin Afirka. Kowace daga cikinsu ta fi kilomita 2,000 nisa daga Gaya. Wannan nisa shi ne sanadin zaman lafiyar ƙasar, shi ne kuma ya sa Hausa ba ta bukaci suna guda domin dutse mai aman wuta ba.

Amma sakaina ba ta dawwama da siffa ɗaya. Tana fashewa, tana haɗewa da wata, tsakiya ta zama baki, baki ya zama tsakiya. Ƙasar gabashin Kano ta ratsa zamani uku waɗanda kowanne ya bar alama.

Zamani na farko: karo

Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce akwai teku tsakanin tsohuwar ƙasar da ta ƙunshi yammacin Gana da Kodebuwa da Gini a yau, da ƙasar da Nijeriya ke kai. Tekun ya rufe, ƙasashen biyu suka yi karo, tabon ɗinkin yana nan ya bi ta gabashin Gana da Togo da Benin har Mali. Manyan tsaunuka suka tashi, dutse ya narke a ƙarƙashinsu ya daskare tun bai fito ba. Ruwa da iska sun cinye tsaunukan tuntuni, saura gindinsu. Shi ne dutsen da mai haƙa rijiya ke tararwa a yawancin ƙasar Kano da Zazzau da Katsina, shi ne kuma ya leƙo a Kufena ta Zariya da Kwatarkwashi ta Zamfara. Ire-iren duwatsun nan da tsagoginsu ana samunsu a arewa maso gabashin Barazil, domin a lokacin ƙasa ɗaya ce.

Zamani na biyu: aman wuta

Matafiyin da ya bar Gaya ya nufi gabas zai yi ta ratsa fili, sai kwatsam ya ga duwatsu sun taso daga rairayi a Dutse, wadda ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991. Waɗannan duwatsu ba sa'o'in na Kufena ba ne. Tun 1911 wani masanin duwatsu, J. D. Falconer, ya raba duwatsun Arewa irin waɗannan gida biyu, tsofaffi da ƙannensu. Awon da aka yi daga baya ya nuna na Dutse shekarunsu kimanin miliyan 213 ne.

Ƙannen nan jeri guda ne wanda tsawonsa ya fi kilomita 1,000. Ya faro daga duwatsun Azbin a Nijar, inda shekarunsu suka haura miliyan 400, ya biyo ta Damagaram da Gure, ya shigo Nijeriya ta Dutse da Shira da Ningi, ya ratsa Riruwai da Jos, ya ƙare a duwatsun Afu kusa da Binuwai, masu shekara kimanin miliyan 141. Watau wutar ta yi ta matsawa daga arewa zuwa kudu. A Nijeriya kaɗai an ƙidaya fiye da 50.

Yadda kowanne ya samu shi ne, narkakken dutse ya taso ta tsofaffin tsagogi ya taru a wani babban rumbu a ƙarƙashin ƙasa, ya yi ta aman toka da dutse. Da rumbun ya rage, sai rufinsa ya burma, ya bar wawakeken rami kewayayye mai faɗin kilomita da yawa. Sauran narkakken dutsen ya bi tsagar da ta kewaye ramin, ya daskare a ciki kamar zobe. Shekaru suka share saman, yau zoben da cikinsa a ke gani. A Ningi da Riruwai har yanzu akwai ragowar duwatsun da aka amayar. Wannan aman wuta a cikin sakaina ya auku, nesa da baki, abin da ke nuna cewa ƙa'idar iyaka tana da togaciya.

Wutar ta bar gado. Ruwan zafin da ya biyo bayan daskarewar dutsen shi ya ajiye kuza da sauran ma'adinai a jijiyoyinsa. Mutanen Riruwai, a Ƙaramar Hukumar Doguwa ta kudancin Jihar Kano, sun daɗe suna narka kuza suna sayar wa fatake tun kafin zuwan Turawa, kuzar Jos ma daga irin wannan dutse ta fito.

A nan ya kamata a gyara wani zato. Dala da Gwauron Dutse na birnin Kano ba su cikin wannan jeri, ba su kuma taɓa aman wuta ba. Tuddai ne masu hular marmara, marmara kuwa ruwan sama da zafin rana ne suka dafa ta a fuskar ƙasa, suka tara ƙarfe a cikinta. Tamar da ke cikinta ce, bisa ga labarin gargajiya, ta jawo maƙeran Gaya, kakannin Abagayawa, suka zo gindin Dala. Saboda haka baƙin dunƙulen da yaro zai tsinto a tsohon kufai, mai ƙuraje kamar an ƙona shi, galibi kashin maƙera ne, aikin zugazugin mutanen dā.

Zamani na uku: rabuwa

Tsakanin shekara miliyan 130 da miliyan 100 da suka wuce, Amurka ta Kudu ta rabu da Afirka. A kusurwar da bakin Kwara ya ke yanzu tsagar ta yi rassa uku. Biyu suka buɗe suka zama tekun Atlantika. Na ukun ya nufo arewa maso gabas, ya buɗe kaɗan, sa'an nan ya tsaya. Shi ne kwarin Binuwai. Ruwan teku ya shiga cikinsa har ƙasar Gwambe, farar ƙasar da a ke yin siminti da ita a Ashaka a ƙarƙashin wannan teku ta kwanta, har yau ana tsintar ɓawon halittun ruwa a cikinta. Da reshen nan ya ci gaba da buɗewa, da ƙasar Kano tana kusa da gaɓar teku, kuma da an raba ta da Adamawa.

Daga baya ƙasar arewa maso gabas ta lotsa ta zama kwarin Chadi, koguna da tafkuna suka yi ta zuba yashi da laka a ciki, iskar zamanin fari kuma ta jera tuddan rairayi a sama. A gabashin Kano ne tsohon dutsen gindi ke fara nutsewa ƙarƙashin wannan shimfiɗa. Kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja yana barin ƙasar dutse ne yana shiga ta yashi. Wannan ya sa ƙasar Gaya da Ajingi ta ke a shafe, tarihinta yana binne.

Abin da ya rage na haɗari

Kasancewa a tsakiyar sakaina yana rage haɗari ƙwarai, amma bai kawar da shi ɗungum ba. Tsofaffin tsagogi suna nan, matsin da ke zuwa daga iyakoki masu nisa kuma ya kan motsa su jifa-jifa. An ji motsin ƙasa a Ijebu-Ode a 1984, da Kwoi ta kudancin Kaduna a watan Satumba na 2016, da Mpape ta Abuja a watan Satumba na 2018, mutane suka firgita. A maƙwabta abin ya fi haka. Girgizar Ankara ta ƙasar Gana, birnin da Hausawa ke da tsofaffin zango, ta 22 ga Yuni, 1939, ta kashe mutum 17, an kuma ji ta har Ikko. Ta arewacin Gini, ta 22 ga Disamba, 1983, ta hallaka ɗaruruwa. Domin sa ido bisa irin wannan ne a ke da cibiyar awon motsin ƙasa a Toro ta Jihar Bauci.

Ta wajen aman wuta kuwa, mafi kusa shi ne jerin Kamaru, wanda ya taso daga tsibiran teku, ya bi ta Dutsen Kamaru, reshensa ya kai tudun Biu a Jihar Barno, ƙasa da kilomita 400 daga Gaya. Na Biu da na wajen Panyam a Filato sun yi shiru, amma ƙirarsu tana nan sarai, har da tafkuna a bakunansu. Dutsen Kamaru kuwa yana da rai, ya yi amai a 1999 da 2000. A daren 21 ga Agusta, 1986, tafkin Nyos, wanda ke cikin bakin wani tsohon dutse, ya saki iskar da ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashinsa. Iskar ta fi ta shaƙa nauyi, sai ta gangara kwari, ta kashe mutum 1,746 da dabbobi wajen 3,500, da yawansu na Fulani makiyaya. Tun 2001 aka fara kafa bututu a tafkin domin fitar da iskar a hankali. Ruwan yankin kuma Nijeriya ya ke gangarowa ta kogin Katsina-Ala, tsoron ɓallewar tafkin na cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a Jihar Taraba.

Darasin da ya fi shafar ƙasar Hausa na gini ne. Yawancin waɗanda girgiza ke kashewa gini ne ke faɗa musu. A Bam ta ƙasar Iran, a watan Disamba na 2003, girgiza mai ƙarfin 6.6 ta kashe fiye da mutum 26,000, domin gidajen na tubalin ƙasa ne masu nauyin rufi. Ƙauyukan Maroko ma haka suka rushe a 2023. Soron ƙasa mai azara ya dace da Gaya domin ƙasarta a natse ta ke, abin da maginin nan ke tsoro shi ne damina. Amma ɗan Gaya ba a Gaya kaɗai ya ke kwana ba. Yana zuwa Hajji, yana fatauci a Ankara da Duwala, yana karatu a Turkiyya da Maroko. Ya kamata ya san cewa in ƙasa ta girgiza yana cikin ɗaki, ya durƙusa ya shige ƙarƙashin tebur mai ƙarfi ya kare kansa, in yana waje ya nisanci bango da turakun lantarki, in kuma yana bakin teku ya hau tudu ba tare da jiran sanarwa ba.

Shawara ga malamai

Babin nan zai fi zama in aka juya tsarinsa, aka fara daga gida kafin a tafi Japan. Malami na iya kawo fasasshiyar ƙwarya aji, ya haɗa ta a gaban yara, ya nuna musu rabuwa da karo da goga da hannunsa, kana ya sa alama a tsakiyar sakaina mafi faɗi ya ce nan ne Gaya. Bayan haka a tara samfur huɗu: yashin jigawa daga Ajingi, marmara daga ramin da a ke ɗibarta, ɓallin dutse daga Dutse, da kashin maƙera in an samu. A sa ɗalibai su faɗi wanne ruwa da iska suka kawo, wanne rana da damina suka dafa, wanne ya fito daga narkakken dutse, wanne kuma hannun mutum ya yi. Kwalejojin horon malamai na Kano da Jigawa suna iya kai ɗalibansu Dutse su dawo a yini guda.

Game da kalmomi, abin da aka gabatar a nan shi ne ɓawo da tsoka da ƙwallo domin sassan duniya, sakaina domin ɓangaren ɓawo mai tafiya, iyakar rabuwa da ta karo da ta goga, tsaga domin layin da dutse ya karye, narkakken dutse, sa'an nan girgiza da motsi bisa ga ƙarfi. Dukansu kalmomi ne da yaro ya riga ya sani daga gida da kasuwa da maƙera. Aji ne zai gwada su, kuma malaman da suka yi aiki da su zango ɗaya ko biyu su ne za su iya faɗin wadda ta zauna da wadda ke bukatar canji.